Igiya ko Ƙwaya? Tsohuwar Gardamar Haske da ke Kan Farantin Sola

Mai karatu, idan hanya ta bi da kai daga Gusau zuwa Magami a 'yan shekarun nan, ko ka ratsa kasuwar Tsafe ko ta Bunguɗu, da wuya idonka bai faɗa kan farantin sola ba. Yana kan rumfar mai cajin waya, yana saman tankin rijiyar burtsatse, wani lokaci har a kan rufin masallaci. Inda wutar NEPA ba ta kai ba, ko ta kai amma ba ta zama, shi ne abin dogaro. To in ka sake ganinsa, tsaya ka lura da abu biyu. Na farko launinsa, shuɗi mai duhu, wani har ya kusa zama baƙi, alhali silikon ɗin da aka yi shi da shi ruwan toka ne mai ƙyalli. Na biyu wutar da ke fita ta wayarsa. Ka tambayi masanin fiziks dalilin shuɗin nan, zai ce maka ai haske igiya ne. Ka tambaye shi dalilin wutar, sai ya ce ai haske ƙwayoyi ne. Kuma bai yi maka ƙarya ko sau ɗaya ba. Kafin a yarda da wannan amsa mai baki biyu, an shafe wajen shekara 250 ana gardama, kuma kowane ɓangare ya taɓa ɗauka cewa ya binne ɗayan.

Bari mu daidaita kalmomi tukun. Igiya a nan ba ta ɗaure akuya ba ce, irin igiyar ruwa ake nufi: ka jefa dutse a tafki, ka ga da'ira na buɗewa, tudu da kwari suna bin juna. Ba ta da mazauni ɗaya, yaɗuwa take yi. Ƙwaya kuwa kamar ƙwayar gero ce, tana nan ko ba ta nan, kuma ana iya ƙirga ta.

Wanda ya fara ɗora binciken haske a kan gwaji shi ne Alhasan Ibnul Haisam, haifaffen Basra wajen shekarar 965, wanda ya rubuta Kitabul Manazir a Alƙahira tsakanin 1011 da 1021. Kafinsa, manyan masana irin su Euclid da Ptolemy na koyar da cewa ido ne ke fitar da wani abu ya je ya taɓo abin da ake kallo. Shi ya nuna cewa haske ne ke tasowa daga abu ya shigo ido, kuma a miƙe yake tafiya. Kayan aikinsa ɗaki ne mai duhu da 'yar huda. Yana ma da wata maƙala ta musamman kan siffar da hasken rana ke yi idan ya ratso huda a lokacin kusufi. Wannan abu ne da ya faru a gabanmu: ranar Laraba 29 ga Maris 2006, inuwar wata ta ratsa Gusau da Katsina da Maraɗi da Damagaram, rana ta yi cikakken kusufi da hantsi. Duk wanda ya dubi ƙasa a gindin bishiya kafin duhun ya rufe, ɗigon hasken da ke ratsowa ta tsakanin ganye ya koma kamar jinjirin wata, ɗaruruwa. Kowace kafa tsakanin ganye ta zama hudar Ibnul Haisam.

Haske na tafiya a miƙe, an gama da wannan. Amma mene ne abin da ke tafiyar?

A ƙarni na 17 amsa ta rabu biyu. Christiaan Huygens na ƙasar Holan, a littafin da ya fitar a 1690, ya ce igiya ce. Isaac Newton na Ingila, wanda tun 1672 ya nuna cewa farin haske haɗin launukan bakan gizo ne, ya karkata ga cewa ƙananan ƙwayoyi ne ke fita daga abu mai haske kamar harsashi, ya kuma tattara aikinsa a littafin Opticks a 1704. Hujjarsa mai ƙarfi ce, kuma za ka iya gwada ta a zaurenku. Kana bayan katanga kana jin kiran sallah sarai, domin sauti igiya ne, yana lanƙwasawa ya zagayo. Amma ba ka ganin ladanin. In haske igiya ne, me ya hana shi zagayo katangar? Wani malamin Italiya, Francesco Grimaldi, ya riga ya lura cewa gefen inuwa ba ya yankewa tsaf, yana da wasu siraran layuka, kuma an buga aikinsa a 1665. Newton ya san da hakan, sai dai ya fassara shi ta hanyarsa. Girman sunansa ya sa ra'ayin ƙwaya ya yi mulki kusan shekara 100.

Wanda ya taɓo wannan mulki likita ne ɗan Ingila, Thomas Young, a laccocin da ya gabatar tsakanin 1801 da 1803. Tunaninsa mai sauƙi ne. Jefa duwatsu biyu a tafki lokaci guda. Inda tudun wannan ya haɗu da tudun wancan, ruwa ya tashi sama sosai. Inda tudu ya haɗu da kwari, sai su kashe juna, ruwan ya kwanta lumui. To idan aka raba haske biyu, misali ta siraran tsagu biyu da ke dab da juna, aka bar shi ya sake haɗuwa a jikin bango, ba layi biyu ake gani ba. Layuka ne jere, haske, duhu, haske, duhu. Wato an ƙara haske a kan haske an samu duhu. Gero a kan gero ba ya taɓa ba da mudu wayam, igiya ce kaɗai ke iya wannan. Daga tazarar layukan har ya auna tsawon igiyar: na ja wajen nanomita 700, na shuɗi wajen 400 da 'yan kai. Nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Ga amsar Newton nan: haske na lanƙwasawa, amma igiyarsa ta yi ƙanƙanta ƙwarai a gaban katanga, shi ya sa ido bai kama ba. Launukan da kake gani a kan kududdufi idan man inji ya zuba a bakin gareji da damina, wannan kashe-juna ne ke haifar da su. Ka riƙe misalin man nan, za mu buƙace shi.

Young bai sha yabo ba. Wani marubuci mai kaifin alƙalami, Henry Brougham, ya yi masa kaca-kaca a mujallar Edinburgh Review, mutane suka watsar da maganar. Sai a Faransa aka gama aikin, kuma yadda aka gama shi ne ya fi burge ni a duk tarihin nan. A 1818 wani injiniyan hanyoyi da gadoji, Augustin Fresnel, ya shiga gasar Cibiyar Kimiyya ta Faransa da cikakken lissafin haske a matsayin igiya. Cikin alƙalan akwai Siméon Poisson, ɗan ɓangaren ƙwaya, gwanin lissafi. Poisson ya ɗauki lissafin Fresnel ya bi shi har ƙarshe, ya fito da abin da yake ganin wauta ce ƙarara: wai idan ka haska ƙaramin faifai mai zagaye, dole a tsakiyar inuwarsa, daidai inda ya kamata ya fi duhu, a sami ɗigon haske. A ganinsa magana ta ƙare. Sai shugaban alƙalan, François Arago, ya je ya gwada da ɗan faifan ƙarfe. Ɗigon na nan, tsakiyar inuwa. Fresnel ya ci gasar a 1819, kuma har yau sunan Poisson ake kiran ɗigon da shi, mutumin da ya kawo shi don ya ƙaryata shi.

Daga nan abin ya yi ta gangara. A 1850 Léon Foucault ya auna ya ga haske ya fi jinkiri a cikin ruwa fiye da a iska, kamar yadda 'yan igiya suka ce, saɓanin lissafin Newton. A 1865 James Clerk Maxwell ya nuna cewa lantarki da maganaɗisu na iya kaɗa juna su yi igiya mai gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, daidai da gudun haske, ya ce to ai hasken ke nan. A 1887 Heinrich Hertz na Jamus ya haɗa irin wannan igiya a ɗakin gwaji. Ita ce ta zama rediyo. Kai ma fa ka daɗe da sanin wannan ilimi ba tare da an kira shi fiziks ba. Duk lokacin da mai gabatarwa ya ce a kama su a gajeren zango a kan mita kaza, tsawon igiya yake faɗa maka. Rediyon Kaduna da iyayenmu ke kamawa a mita 49, igiyarsa na kaɗawa sau miliyan 6 da ɗoriya a daƙiƙa, kuma daga tudu zuwa tudu mita 49 ne. Hasken da kake karanta wannan da shi ɗan gidan su ne, zangonsa ne kawai bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na mita ba.

To a daidai gwajin da ya naɗa wa igiya rawani, Hertz ya lura da wani ƙaramin abu da ya dame shi. Tartsatsin da ke tsallaka tsakanin ƙarafan na'urarsa ya fi saurin tashi idan hasken altarabayolet, wanda ke gaba da shuɗi kuma ido ba ya gani, ya faɗa a kansu. Ya rubuta, ya wuce. Bayan an gano ilektron a 1897, aka gane cewa hasken na fizge ilektron ne daga jikin ƙarfen. A 1902 Philipp Lenard, wanda ya taɓa zama mataimakin Hertz, ya auna abin, sai lissafi ya ƙi fita. In haske igiya ne zalla, ƙara ƙarfin fitila ya kamata ya sa ilektron su fito da ƙarin gudu, yadda babbar igiyar ruwa ta fi ƙarama jifa da kwale-kwale. Ba haka aka gani ba. Ƙara haske yawan ilektron yake ƙarawa, gudun kowanne na nan yadda yake. Launi ne ke sauya gudun. Kuma kowane ƙarfe na da iyaka: idan launin ya yi ja da yawa, ko ka tara fitilu nawa, ko ɗaya ba ya fita.

Albert Einstein, yana ɗan shekara 26, ma'aikaci a ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire a Bern ta Suwizalan, ya ba da amsa a 1905. Ya aro dabarar da Max Planck ya yi amfani da ita a 1900, ya ce ƙarfin haske ba malala yake yi ba, a ƙunshe yake zuwa, ƙulli-ƙulli, kuma nauyin kowane ƙulli ya dogara da yawan kaɗawar launinsa. Ƙullin shuɗi ya fi na ja. Ka ɗauki ilektron kamar wani mai kanti mai taurin kai: yana da farashinsa, daga hannun mutum ɗaya yake karɓa, ba ya yarda da karo-karo. Mutum dubu su zo kowanne da abin da bai kai farashin ba, ba ciniki. Mutum ɗaya ya zo da cikakken kuɗi, nan take an sallama. Sunan foton da muke kiran ƙullin nan da shi sai a 1926 ya shigo.

Kusan babu wanda ya yarda. Planck kansa, da yake ba da shawarar a ɗauki Einstein a Cibiyar Kimiyya ta Berlin a 1913, sai da ya nemi a yi masa uzuri kan wannan batu. Robert Millikan na Amurka ya shafe wajen shekara 10 yana gwaji da niyyar rushe maganar, a 1916 ya buga sakamakon da ya tabbatar da lissafin Einstein daidai, amma ya ci gaba da cewa bai gamsu da ƙwayar ba. Ka ga Poisson na biyu ke nan. Wannan aiki aka ambata da aka ba Einstein kyautar Nobel ta 1921, ba shahararriyar nazariyyarsa kan lokaci da sarari ba. A 1923 Arthur Compton ya harba hasken eksire a kan ilektron, ya ga suna karo suna rabuwa kamar ƙwallayen sunuka. Bayan wannan, masu musu suka yi ƙaranci.

Sai dai layukan Young ba su goge ba, ɗigon Poisson ma yana nan. Yanzu fa ana da gwaje-gwaje iri biyu, duka sahihai.

Tambayar da ta biyo baya ita ce: in aka rage haske ƙwarai har ya zama ƙulli ɗaya ne ke wucewa a lokaci guda, da wa zai yi kashe-juna? A 1909 wani matashi a Kambirij, G. I. Taylor, ya dusashe haske da gilasai masu hayaƙi, ya ɗauki hoton inuwar allura. Hoto ɗaya sai da ya ɗauki kusan wata 3. Layukan suka fito tsaf. A 1986 Philippe Grangier da Gérard Roger da Alain Aspect a Faransa suka yi gwajin da foton ɗai-ɗai na haƙiƙa. Suka kafa madubin da ke raba haske hanya biyu, suka sa na'urar ƙirga a kowace hanya: foton ba ya rabuwa, ko nan ko can. Suka cire na'urorin suka haɗe hanyoyin: kashe-juna ya dawo, kamar kowane foton ya san da hanyoyin biyu.

A nan nake da ƙorafi kan yadda ake koyar da mu a sakandare, wai haske wani lokaci igiya ne wani lokaci ƙwaya, kamar hawainiya. Hasken ba ya sauya hali. Ƙa'ida ɗaya yake bi kullum: lissafin igiya ne ke faɗin inda zai yiwu a same shi da yawan yiwuwar, amma ranar da za a same shi, a wuri ɗaya ake samunsa, cikakken ƙulli. Kalmomin igiya da ƙwaya daga tafki da rumbu muka aro su, kowacce rabin aikin take iya ɗauka. Kuma abin bai tsaya a haske ba. A 1924 Louis de Broglie ya ce ilektron ma na da igiya, aka tabbatar a 1927. J. J. Thomson ya karɓi Nobel a 1906 kan aikin da ya nuna ilektron ƙwaya ne, ɗansa G. P. Thomson ya karɓa a 1937 don ya nuna igiya ne. Gida ɗaya.

To ta yaya wannan gardama ta Turai ta iso rumfar mai caji? Tun 1839 Edmond Becquerel, yana ɗan shekara 19, ya ga haske na haifar da lantarki a wani gwaji, amma sai da aka fahimci foton da ilektron aka iya mayar da shi abin amfani. A Afrilun 1954 ɗakin binciken kamfanin Bell a Amurka ya nuna farantin silikon na farko mai amfani, aikin Daryl Chapin da Calvin Fuller da Gerald Pearson, yana mayar da kashi 6 cikin 100 na hasken rana wuta. Matsalar da aka ba Chapin tun farko tamu ce sak: yadda za a ba na'urorin tarho wuta a wurare masu nisa da zafi inda batir ke saurin lalacewa. A 1958 aka ɗora shi a tauraron ɗan'adam Vanguard 1.

Yankinmu bai jira an gama ba. Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa ta jihar Maraɗi a 1929, masanin fiziks ne da ya ba makamashin rana rayuwarsa. Ya shugabanci hukumar makamashin rana ta Nijar, ONERSOL, daga 1969 zuwa 1985, ya kuma shugabanci jami'ar Yamai, wadda ke ɗauke da sunansa tun bayan rasuwarsa a 1991. Yawancin aikinsa a kan zafin rana ne: tukunyar ɗumama ruwa, murhun rana, injin da zafi ke juyawa. A ƙarshen shekarun 1960 kuma aka fara kunna talabijin na koyarwa da farantin sola a makarantun Nijar, lokacin da farantin ke da tsadar da ta sa galibi a sararin samaniya ake ganinsa. A ɓangarenmu, an kafa Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato a 1982, a jami'ar da yau ake kira Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Bambancin murhun Moumouni da farantin mai caji shi ne inda kuɗin mutane ke shiga. Murhu zafi yake so, kowane irin haske ya samu ya gode. Faranti kuwa mai kantin nan ne. A cikin silikon, foton ba ya fizge ilektron waje kamar a gwajin Lenard, kwance shi yake yi daga mazauninsa ya bi waya. Farashin kwancewar ya yi daidai da foton mai tsawon nanomita 1,100. Duk wanda zangonsa ya fi haka tsawo wucewa yake yi, kuma wajen kashi 20 na ƙarfin hasken rana haka yake. Sannan mai kantin ba ya ba da canji: foton shuɗi na ɗauke da fiye da ninki biyu na farashin, amma ilektron ɗaya yake kwancewa, ragowar ta zama zafi. Wannan ma ya cinye wajen kashi 30. Shi ya sa tun 1961 William Shockley da Hans Queisser suka lissafa cewa irin wannan faranti ba zai wuce kashi 30 da ɗan wani abu ba. Na kasuwa yau suna wajen kashi 20 zuwa 22. Duk ɗan kasuwar da ya ce maka nasa na mayar da rabin hasken rana wuta, riƙe kuɗinka.

Haka kuma maganar da ake yawan yi cewa zafin rana ne ke cika batir. Ƙarfin da aka rubuta a bayan faranti a digiri 25 aka auna shi, kuma duk digiri ɗaya da ya ƙaru yana rage wajen kashi 0.4 cikin 100. Da bazara, lokacin da iskar Gusau ke kai digiri 40, jikin farantin na iya haura 60, wato asarar kusan kashi 14. Don haka a bar tazara tsakaninsa da kwano iska ta ratsa. Da hunturu kuma ƙura ce ke tare foton tun kafin su iso, tsumma da ɗan ruwa da sassafe ne maganinta.

Saura shuɗin. Silikon tsirara na mayar da fiye da kashi 30 na hasken da ya faɗa masa, kamar madubi. Don a hana wannan asara, ana shafa masa wani siririn rufi mai kaurin nanomita 75 zuwa 80, kusan kashi ɗaya cikin dubu na kaurin gashin kai. Haske na dawowa daga saman rufin, wani na dawowa daga ƙasansa, kuma an zaɓi kaurin ne yadda tudun wannan zai faɗa a kwarin wancan su kashe juna. Man injin kan kududdufi ke nan, amma da awo. An saita shi a wajen nanomita 600, tsakanin ruwan ɗorawa da ja, inda rana ta fi yawan foton masu amfani. Abin da bai dawo ba ya shiga ciki. Shuɗi ne bai mutu duka ba, shi ke dawowa idonka. Sababbin farantai baƙaƙe kuwa an ƙara gyara fuskarsu ne har shuɗin ma ba ya tsira sosai.

In kana son ganin farashin silikon da idonka, ɗauki rimot na talabijin ko na dikoda, ka nuna kansa ga kyamarar wayarka, ka danna. Idonka ba zai ga komai ba, domin haskensa wajen nanomita 940 ne, ido kuma a 700 yake tsayawa. Amma na'urar kyamarar silikon ce, kuma 940 na cikin abin da take karɓa, don haka a yawancin wayoyi za ka ga ɗan haske fari-fari ko ruwan hoda yana ƙiftawa a allo. In kyamarar baya ta ƙi nunawa saboda matatar da aka sa mata, gwada ta gaba.